Sunan 'Yar Fari a Lanham

Ɗakin farko da na kwana a Amurka ba shi da taga. A ƙarƙashin ƙasa yake, a gidan wata Hajiya 'yar garinmu a Annandale, jikin injin wanki, in aka kunna injin sai gadon ya riƙa rawa da mu. Mu uku ne a ciki, ni da mijina na lokacin da 'yarmu mai shekara bakwai. Sunana Saude, daga Malumfashi. Sunan mijin ba zan faɗa ba. Da don kunya nake ƙin faɗa, yanzu kuwa don ba ya yi min daɗi a baki. Na yarinyar ma ba za ku ji shi da wuri ba, domin 'yar fari ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka Inna ta yi wa babban yayanmu har ya yi furfura, ban kuma taɓa jin ya ce ba ta sonsa ba.

Ranar da aka yaye ta Inna ta zo ta goya ta ta tafi da ita, kamar yadda ake yi. A can ta girma, tana kirana Yaya don haka ta ji ƙannena suna kirana. Sai da babanta ya dace da bizar nan ta ƙuri'a aka ɗauko ta daga ɗakin Inna aka haɗa mu a jirgi. Wato tun daga yaye ni da 'yata ba mu sake kwana ɗaki ɗaya ba sai a wannan rami na Annandale.

Hajiya ta karɓe mu hannu bibbiyu, kuma da hannu bibbiyun ta riƙe ni. Sana'arta dafa abincin biki, waina da miyar taushe da dambun nama, duk inda ake suna ko aure daga Virginia har Maryland. Tun a makon farko ta zaunar da ni ta ce takardata ta zama ce kawai, ba ta aiki ba, in na kuskura na fita neman aiki za a kama ni a mayar da ni gida. Amma in na taya ta a kicin, wannan ai taimakon 'yan'uwa ne, ba ruwan hukuma. Na yi godiya har da durƙusawa. Hunturu biyu na yi ina tsaye a kan tanda, ladana ɗakin nan da tsofaffin rigunan sanyi na 'ya'yanta. Mijina yana tuƙin tasi, ya fita ina barci ya dawo ina barci, kuma daga baya na gane ya san gaskiyar maganar tun ranar farko. Shiru ya yi don ba ya biyan haya.

Yarinyar kuwa kullum kukan Inna. Da safe in za ta makaranta sai ta tsaya a bakin matakala ta ƙi hawa, hawaye da majina sun haɗu, tana cewa a kai ta gida. Zuciyata kamar ta tsage, amma Hajiya tana sama tana jinmu, ni kuma ba zan yarda a kai labari Malumfashi cewa Saude ta zo Amurka ta zubar da kunya tana rungumar 'yar fari ba. Abin da nake yi shi ne in ɗora safarta da rigarta a kan injin busar da kaya su yi ɗumi, in ajiye mata a gefen gado ba tare da na ce komai ba. In za ta fita in ce, “Ke, ɗauki jakarki.” Ke ɗin nan shi ne sunanta a wurina.

Wadda ta ciro ni daga ramin ita ce Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Pankshin. A wani suna muka haɗu, ta shigo kicin neman ruwan zafi ta same ni ina juya waina. Muka gaisa, ta tambaye ni a ina nake aiki, na ba ta labarin takardar da ba ta aiki. Ta ce in nuna mata. Da ta duba katin sai ta buɗe jakarta ta ciro nata ta jera su a kan tebur.

“Duba da kyau, 'yar'uwa. Akwai bambanci?”

Na duba, babu, sai hoto da suna.

“Da wannan katin nake aiki a asibiti. Wace ce ta gaya miki wannan ƙarya?”

Na nuna falo da haɓa, inda Hajiya take rabon abinci tana dariya. Sista ta yi tsaki ta ce, “Allah ya isa miki. Gama wainarki, kada ki bar mutane da yunwa, amma ran Litinin zan zo in ɗauke ki.”

Ta kuwa zo. Ita ta kai ni inda ake koyar da kula da tsofaffi, ita ta riƙa zama da ni muna bitar Turanci har na ci jarrabawa. A kan wannan fitar aurena ya mutu. Ban yi kuka ba, don na riga na gama kukana a kan tanda. Shi ya tattara ya koma Columbus a jihar Ohio, ya yi wani auren, ni da yarinyar muka kama hayar ɗaki biyu a Greenbelt.

Greenbelt tana da bishiyoyi da ciyawa, kuma a nan layin jirgin ƙasa yake ƙarewa, don haka in ka yi gyangyaɗi ba za a wuce da kai ba. Daga tagarmu ba a ganin babban titin da ya kewaye Washington, amma ana jin gurnaninsa dare da rana. A nan na fara sanin daɗin kulle ƙofata da makullina. A nan kuma Hausar yarinyar ta fara tsiyayewa. In yi mata magana da Hausa ta ji tsaf, ta mayar min da Turanci. Ta daina kukan Inna, ta daina kuka gaba ɗaya, ni kuma na ɗauka ta saba ne.

Tana aji shida aka kira iyaye makaranta. Malamar baƙar fata ce mai fara'a, ta ba mu kujeru, ta ce kafin ta fara tana so in gaya mata abin da nake alfahari da shi game da 'yata. Lokacin Turancina bai nuna ba, yarinyar ce take yi mana tafinta. Na yi dariya na ce, “Wannan? Ai ba ta da wani abin kirki sai barci da ci. Ku dai ku yi ta haƙuri da ita.” A Malumfashi duk wanda ya ji haka ya san uwa ce take ɓoye abinta daga baki da ido, sai ya ce haba dai, yarinya mai hankali. Malamar ta juya tana jiran fassara. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta fassara maganata kalma bayan kalma, ba ta rage ko ɗaya ba. Fara'ar malamar ta ɗauke. Ta jawo wata takarda ta nuna min cewa 'yata ce ta fi kowa lissafi a ajin, tana magana a hankali kamar mai lallashin mahaukaciya. Na ji daɗi har cikin ƙashina, na ce, “To, madalla,” muka tashi.

Da na ba Sista Rifkatu labari ina dariya, ita ba ta yi dariya ba. Ita dama ba ta kirana Saude, Maman wance take cewa da sunan yarinyar ɓaro-ɓaro, tun ina ƙin amsawa har na gaji.

“Nan ba gida ba ne,” in ji ta. “Yaran nan abin da kunnensu ya ji shi suka sani. Nawa ukun, in ban ce ina sonsu ba kafin su fita, sai su ce Mama ba ta da lafiya.”

“Naku ne na Filato. Mu ba mu gaji haka ba.”

“To ki riƙe gadon da kyau. Ki dai duba kada ki riƙe shi ki saki yarinya.”

Na ji haushinta, na yi mako biyu ban kira ta ba.

Shekarar da yarinyar ta cika sha biyar babanta ya fara kiranta kullum. Ya sayi gida, ya ce akwai ɗakinta da kowa bai taɓa kwana a ciki ba, ga ƙannenta biyu suna ɗokin ganinta. Ina jiyo muryarsa ta waya daga kicin, yana kiran sunanta yana ja, har da wani laƙabi da ya ƙirƙiro. Mutumin da a Malumfashi ko kallonta ba ya yi a gaban mahaifinsa, ga shi Amurka ta buɗe masa baki. Ya ce ta zaɓa kafin a koma makaranta a ƙarshen Agusta, ko ta zauna da ni ko ta koma wurinsa. Ta gaya min haka muna cin tuwo, idonta a kan kwano. Na ce, “Duk yadda kika gani.” Abin da na faɗa ke nan. Ba ni da kowa a ƙasar nan sai ita, kuma in ta tafi ban san don wa zan riƙa tashi da asuba ba.

A lokacin ina aiki a Lanham, a gidan wasu Indiyawa 'yan kudancin ƙasarsu. Tsohuwar gidan nake kula da ita, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, kowa yana kiranta Pati, wato kaka da harshensu. Ƙarama ce kamar yarinya, ga faɗa ga son yaji. Turancinta gurgu, nawa gurgu, a haka muke jan juna. Pati ba ta iya yin tari ba ta ambaci sunan ɗanta ba. Mutum mai sanƙo da tumbi, babba a wurin aikinsa, amma in ya dawo sai ta sa ya durƙusa ta shafa kansa ta kira shi sau ba adadi. Ni nake jin kunya a madadinsu, in shige kicin.

Ta san ina da 'ya, ta kuma san zancen Ohio, don wata rana ta kama ni ina hawaye a kan wanke-wanke. A tsakiyar zafin Yuli ta ce min bikin Uwa ya zo, za ta je ɗakin ibadarsu da ke nan Lanham, ni zan tura kujerarta, kuma lallai in zo da yarinyar. Uwa ita ce abar bautarsu mace, wadda suke kai wa kukan haihuwa da lafiyar 'ya'ya. Na sami ɗanta na ce masa ni Musulma ce, zan tura kujera in tsaya inda aka ce, amma ba zan rusuna wa komai ba, ba kuma za a shafa min komai a goshi ba. Ya ce babu wanda zai nemi haka daga gare ni. Yarinyar ma ba ta yi musu ba, hutu ake yi, zaman ɗaki ya ishe ta.

Ranar Lahadi ce, rana tana dukan kwalta. Tun daga wurin ajiye motoci na fara jin kiɗa, ganga da wata doguwar algaita mai tsinin murya. Muka cire takalma a ƙofa muka bar su cikin ɗaruruwan takalma. Abin da ya fara tsayar da ni ganye ne. An ɗaure shi a kan ƙofofi, mata suna riƙe da shi a hannu, wasu sun soka a gashi. Na ciri ɗaya na murza na shinshina. Darbejiya ce, irin ta ƙofar gidanmu, wadda Inna take tafasa mana in zazzaɓi ya kama mu. Rabona da ganinta tun barina gida. Na tsaya riƙe da ganye a tsakiyar hanya har sai da Pati ta daki hannun kujera ta ce mu tafi.

A ciki hayaƙin kafur da turare ya cika ko'ina. Can ƙurya aka ajiye Uwar, baƙin dutse ne da aka sassaƙa, amma ba a ganin komai nata sai fuska, don an lulluɓe ta da awarwaron gilas, ja da kore da ruwan ɗorawa, an shirya su igiya-igiya tun daga wuya har ƙasa. Pati ta ce in an gama za a kwance su a raba wa mata, mai neman haihuwa ta saka, mai ciki ta saka, mai 'ya'ya ta kai wa 'ya'yanta. Layi ya yi tsawo. Kowane iyali da tirensu, kwakwa da ayaba da furanni, in sun isa gaba sai malamin ibadar, wani mai zane a ƙugu da zare a kafaɗa, ya sunkuyo ya tambayi sunan yaro da tauraron da aka haife shi a kai. Uwar ta faɗa da ƙarfi, shi kuma ya ɗauki sunan ya saka cikin karatunsa. Haka sunaye suka yi ta tashi, na jarirai da na 'yan makaranta da na ƙattin da suka fi iyayensu tsawo. Akwai wata mata a gabanmu da ba ta zo da yaro ba, sai ɗan ƙaramin gadon jariri na katako da bai fi tafin hannu ba. Da aka zo kanta ba ta da sunan da za ta faɗa, ta miƙa abin kawai, mijinta yana kallon ƙasa. Wannan ko ba tafinta na gane shi, na kuma tausaya mata.

Na saci kallon 'yata. Ta yafa gyalenta, ta harɗe hannu a ƙirji, tana bin bakin matan nan da ido ɗaya bayan ɗaya.

Da layi ya zo kanmu Pati ta faɗi sunan ɗanta da na jikokinta. Sai malamin ya dubi yarinyar, ya dube ni, ya ɗan sunkuyo yana jira. Na girgiza kai na ce mu Musulmi ne. Ya haɗa tafukansa ya yi murmushi ya wuce ga na baya, ko a jikinsa. Na sauke ajiyar zuciya, na ce a raina an rabu lafiya.

A waje an kafa rumfa ana rabon wani abin sha a kofunan roba. Na kurɓa don kada Pati ta ce na raina, sai na ji kunun tamba ne da tsamin nono, har da 'yar albasa. Na shanye na karɓi na biyu. Ina tsaye a Lanham cikin mata masu sari, zanen nan na Indiyawa, bakina yana Malumfashi, kewar gida ta taso min har na rasa inda zan sa kaina. A daidai wannan lokacin Pati ta jawo jakarta da hannunta mai lafiya ta ciro wani ƙunshi. Awarwaro ne kore, sababbi, a cikin takardarsu.

“Waɗannan ban kai su ciki ba,” in ji ta. “Daga kanti suke, ba su taɓa jikin Uwa ba. Na san addininki. Ki saka mata da hannunki, ki roƙi Allahnki, ki faɗi sunanta ya ji. Yau kowace uwa a nan ta yi, saura ke.”

Tsohuwar nan ta toshe min duk wata kafa. Da ta ce in shiga ciki ne, da ina da amsa, kuma amsa mai ƙarfi. Amma sa wa 'yarka albarka da sunan Allah, wane malami ne zai hana? Matan da ke kusa suka juyo suna murmushi, wata ta matsar da kujera don mu sami wuri.

Yarinyar ta warware hannunta daga ƙirji ta miƙo min. Tun da muka zo ƙasar nan ba ta taɓa miƙo min hannu don wani abu ba, ko a tsallaka titi. Na kama. Hannun ya yi girma, yatsunta dogaye irin na Inna, ban san lokacin da suka zama haka ba. Awarwaron sun yi ɗan matsi, sai da na matse mata tafin na riƙa tura su ɗaya-ɗaya. Na ce, “Allah ya raya ki. Allah ya shirya ki, ya tsare ki daga sharrin mutum da aljan.”

“Sunan,” in ji Pati.

Wallahi na buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshena, ni na zaɓe shi tun tana ciki, na raɗa wa ƙanwata ta kai wa maza ranar suna kamar daga gare ta ya fito. Amma idanu sun yi min yawa, kuma sai na ji kamar an ce in tuɓe zane a kasuwa. Abin da ya fito shi ne, “Ai ta san da ita nake.”

Yarinyar ta zare hannunta a hankali. Ta dubi Pati ta ce da Turanci, muryarta ko rawa ba ta yi, “Kada ki wahalar da ita, Kaka. Ba ta taɓa faɗa ba.” Sai ta faɗi sunan da kanta, ta ce Allah ya raya mai wannan suna, ta shafa ta ce amin.

Pati ta yi wata magana da harshensu, ta jawo ta da hannu ɗaya har sai da ta durƙusa a gaban kujerar. Ta ɗora tafinta a kanta ta shiga kiran sunan, tana karya shi irin na bakinsu, tana maimaitawa. 'Yata, wadda rabon da in ga hawayenta tun Annandale, ta kifa fuska a cinyar tsohuwar da ba ta haɗa komai da ita ba ta yi ta kuka, awarwaron suna ƙara. Ni ina tsaye a baya riƙe da hannayen kujera. Na ji kishi, na ji haushin Pati, na ji haushin matan da suka kau da kai don su rufa min asiri. Har algaitar nan haushi ta riƙa ba ni.

A jirgin ƙasa na komawa Greenbelt muka zauna kujera ɗaya, kowa yana kallon gabansa. Sai da muka kusa ta yi magana, ita da Turanci ni da Hausa, kamar kullum.

“Yaya, me ya sa?”

“Haka ake yi. Ke ce ta fari.”

“Inna tana kiran sunana.”

“Inna kakarki ce. Kaka ita ke da wannan.”

“To Inna tana ina?”

Na kau da kai wajen taga.

“Kunyar wa kike ji a can? Babu wanda ya san mu. Babu wanda zai kai labari.”

Har yau da nake rubuta wannan ban ce kunya laifi ce ba. Abin da na gane a jirgin nan shi ne a gida in uwa ta kau da kai, akwai kaka da gwaggo da inna da maƙwabta, su kira yaro su goya shi su yi masa kirari har ya gaji, shirun uwar ya zama wani irin gata a tsakiyar wannan hayaniya. Ni na ɗauko shirun na hau jirgin sama da shi, masu hayaniyar duk na baro su a Malumfashi. Shekara takwas yarinyar nan tana zaune da mace ɗaya tak, kuma macen tana ce mata ke. Na so in faɗa mata haka, amma jirgi ya tsaya, ta riga ni fita.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Bayan mako biyu ta ce ta zaɓi Ohio. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na shiga yi mata dambun nama da yaji, na wanke kayanta na goge har da waɗanda ba sa buƙatar guga. Sista Rifkatu ce ta kai mu tashar bas a Washington. A mota tana ta zungurina da gwiwar hannu tana harara ta, har ta gaji ta ce da ƙarfi, “Maman wance, bakinki ciwo yake yi ne?” Na ce mata ta kula da titi. A bakin bas yarinyar ta rungume Sista, ta juyo gare ni ta ɗan rusuna irin na gida ta ce, “Sai wata rana, Yaya.” Na ce, “Ki riƙe salla. Ki gaida mutanen gidan.” Ta hau, ta zauna a ɓangaren da ba ya kallonmu.

Gidan Greenbelt ya yi min girma. Ina dafa abinci in manta in zuba na mutum biyu, in ci rabin na ɗaya. In na kira ta sau da yawa ba ta ɗauka, sai can ta turo saƙo cewa tana lafiya, tana karatu. Pati kuwa kwana uku ta yi ba ta yi min magana ba sai da nuni. A rana ta huɗu ina taje mata kai ta ce, “Faɗa min sunan, ni kaɗai. Babu kowa, ni kuma gobe zan manta.” Na ce ta bar ni. Kullum sai ta sake, ina ba ta magani ta ce faɗa, ina yanke mata farce ta ce faɗa. Tsohuwar nan da hannu ɗaya ta fi mai hannu biyu naci. Sai da ganyen bishiyoyi ya fara ja sannan wata rana na faɗa, ina durƙushe ina saka mata safa, kaina a ƙasa. Ta ce ba ta ji ba. Na sake. Ta miƙa hannu ta ɗauko wayar gidan ta ɗora min a cinya.

“Da wannan za ki kira. Ba ta san lambar ba, za ta ɗauka.”

Da azahar ne. Na danna lambar, na yi kuskure har sai da na sake dannawa. Ta yi ƙara ta yi ƙara, sannan aka ɗauka, na ji hayaniyar yara a bayanta.

Na ce, “Nafisa.”

Ta ce da Turanci, “Wa ke magana?”

“Ni ce.”

Na ji numfashinta ya sauya. Hayaniyar ta yi nisa, alamar ta fita waje da gudu. Da ta sake magana da Hausa ta yi, Hausar ɗakin Inna, wadda na ɗauka ta ɓace tuntuni.

“Yaya? Wa ya rasu? Inna ce?”

“Ba wanda ya rasu.”

“Ki gaya min gaskiya, don Allah. Inna ce?”

“Inna tana nan lafiya, jiya ma mun yi waya.”

“To me ya faru? Ba ki da lafiya ne?”

“Lafiyata ƙalau. Kira dai na yi. Kin ci abinci?”

Ina jin tana jan hanci. Na matse wayar a kunne ina jira. Sai ta koma Turancinta.

“Kin tsorata ni. Ji yadda jikina yake rawa. Don Allah kada ki ƙara yi min haka.”

Na ce to. Ta ce an kusa shiga aji, za ta kira ni in ta samu lokaci, ta kashe.

Pati tana ta leƙen fuskata. Ta ce, “Me ta ce?”

Na mayar da wayar mazauninta, na durƙusa na ɗauki ɗaya safar.

“Ta ce tana gaishe ki.”